Daga Yaƙi da Jahilci zuwa Ajin Ingilishi a Kirkisoy

Ajinmu na dare yana unguwar Kirkisoy, a Harobanda, wato tsallaken kogin Isa idan ka haye gadar Kennedy daga tsakiyar Yamai. Ɗalibaina manoman shinkafa ne da ƴan kasuwa da matan aure. Ba mai zama kan benci sai an sallame sallar isha'i, kuma da an fara yankan shinkafa sai ajin ya koma ni da allo.

Sana'ar nan ta girme ni. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Diori Hamani ta buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci da taimakon UNESCO. Tun farko an so manya su koyi Faransanci, amma manomin da ya yini a gona, ka ce ya haddace baƙi da baƙon harshe a dare ɗaya, ai an haɗa masa zafi biyu. Azuzuwa suka yi ta watsewa. Taron Bamako na 1966 ne ya daidaita haruffan rubuta Hausa da Zarma da Fulatanci da Tamajak da Kanuri, daga nan aiki ya kankama da harshen gida. Jaridun karkara irin su Ganga suka ba sabon mai karatu abin dubawa, a 1977 kuma aka kafa cibiyar CFCA a Yamai don horar da jami'an wannan aiki.

Shi kuwa Ingilishi ta wata ƙofa ya shigo. Ƴan sa-kai na Peace Corps daga Amurka sun iso a 1962 suna koyar da shi a makarantun sakandare, har suka kwashe kayansu a 2011. Amma abin da ya kawo shi ajin manya shi ne kasuwa: mai sarin kaya a Kano ko Legas ko Akra yana son ya karanta rasit da kansa. Sai ga wayar hannu. Sai kuma kundin sake gina ƙasa na 2025, wanda ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tun daga nan benci ya daina isa.

Wani dattijo ya zo mini da sabon kaye da bik, ya ce, "Mushe, Ingilishi kawai nake so, Zarma ai na iya." Na rubuta masa sunansa, sai ya fara bin sa da yatsa daga dama zuwa hagu. Ashe almajirin allo ne, ajami a hannunsa kamar ruwa. Wannan ba jahili ba ne, boko ne bai sani ba. Muka yi wata uku muna haɗa baƙi da wasali da harshensa, inda "i" kullum "i" ce. Ranar da ya ga Ingilishi na kiran wannan harafi "ai", dariya ya yi, bai gudu ba, don ya riga ya san yadda karatu ke tafiya.

Yanzu ina ganin sababbin malamai na buɗe aji suna fara wa manya da Ingilishi tsagwaronsa. Ramin da magabatanmu suka faɗa da Faransanci ke nan. Ƴan'uwana malamai, ku fara koya wa babba karatu da harshen da yake ciniki da shi, sannan ku miƙa masa Ingilishi.