Sara Mai Ƙarfi Ko Sara Mai Samu? Tarihin Wani Lissafi A Wasan Dungeons & Dragons

Akwai wasan da ake yi a kan tebur, ba kwamfuta ba waya, sai takarda da fensir da 'yan lido. Mutum huɗu ko biyar ke zama, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya: wannan mayaƙi, wancan matsafi. Mutum ɗaya ya zama jagora, shi ke ba da labari, shi ke riƙe da dodanni. Idan jaruminka ya kai sara, ɗan lido mai fuska 20 ne zai ce ko ya samu. Sunan wasan Dungeons & Dragons. Fiye da shekara 20 ke nan masu yin sa suna gardama kan abu ɗaya: gwanintar da ke ƙara wa sara ƙarfi amma ta rage masa saiti, riba ce ko asara?

Daga bariki zuwa teburin gida

Tushen abin daga soja ne. A 1824 wani hafsan daular Purushiya ta Jamus, Georg von Reisswitz, ya gabatar da wasan yaƙi a kan taswira, da alƙali da 'yan lido, don horar da hafsoshi. Daga baya farar hula suka mayar da shi abin nishaɗi. A 1971 Gary Gygax da Jeff Perren suka fitar da Chainmail a Amurka, wato "sulke", wasan rundunonin zamanin takobi da mashi. A 1974 kuma Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, inda kowa ke riƙe da mutum ɗaya maimakon runduna.

Sai dai akwai matsala. Matsafi yana samun sabbin tsafe-tsafe duk lokacin da ya hau mataki, shi kuwa mayaƙi kusan aikinsa ɗaya ne: jefa lido, kai sara, sake jefawa.

Shekarar 2000

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR, mai wasan na asali, a 1997. A 2000 ya fitar da bugu na uku, wanda Monte Cook da Jonathan Tweet da Skip Williams suka tsara. A nan ne aka shigo da jerin gwanintoci na musamman da ɗan wasa zai zaɓa wa jaruminsa, kuma mayaƙi ne aka fi ba shi yawa. Ɗaya daga cikinsu ita ce Power Attack: ka rage maki daga saitinka, a ƙara maka daidai wannan a ɓarnar da saran zai yi. A gyaran 2003 aka ninka ƙarin ga mai riƙe makami da hannu biyu.

Ba duka gwanintocin ne suka zo daidai ba. Toughness, misali, makin rai 3 kacal take ƙarawa, abin da ba ya tsinana komai idan jarumi ya yi nisa. Monte Cook da kansa ya rubuta daga baya cewa an bar wasu zaɓuɓɓuka sun fi wasu kyau don wanda ya ƙware a dokoki ya ci ladan ƙwarewarsa. Ka ga ke nan sabon shiga na iya faɗawa rami bai sani ba, ya yi watanni yana jan jarumi mai rauni kusa da na abokinsa.

To, bari mu yi lissafin

A bugu na biyar, na 2014, dabarar ta dawo cikin gwanintar Great Weapon Master: rage 5 daga saiti, ƙara 10 a ɓarna. Goma kam ta fi biyar, ko ba haka ba? Amma ba iri ɗaya ake aunawa ba. Biyar ɗin fuskoki 5 ne cikin 20 na lido, wato kashi 25 cikin 100 na damar samu.

Ɗauki mayaƙi mai babban takobi wanda matsakaicin ɓarnarsa 10 ne. Mu ajiye batun saran sa'a mai ninka ɓarna a gefe. Idan 8 ko sama da haka yake bukata a lido, damarsa kashi 65 ce, matsakaicin abin da yake samu a kowane sara 6.5. Da gwanintar, damar ta sauko kashi 40, ɓarnar ta hau 20, sakamako 8. Riba.

Yanzu kawo abokin gaba mai sulke, wanda sai an jefa 14 ko sama. Sara na yau da kullum: kashi 35, sakamako 3.5. Da gwanintar: kashi 10, sakamako 2. Asara. Ga wannan mayaƙin, mahaɗar tana kan kashi 50, inda duka biyun ke ba da 5.

Saura abin da aka sadaukar. A bugun 2014, wanda ya ɗauki gwaninta yakan bar ƙarin maki 2 na ƙarfin jiki, wanda ke ƙara 1 a saiti da 1 a ɓarna. Da shi ya ɗauka, misalinmu na farko zai zama kashi 70 sau 11, wato 7.7. Tsakanin 7.7 da 8 ai ba wata tazara.

Me ya sa to gwanintar ta yi suna haka? Saboda dokar da ke ba ka damar jefa lido biyu ka ɗauki mafi girma. Da ita, kashi 40 ɗin nan ya koma 64, sakamako 12.8, alhali sara na yau da kullum bai wuce 8.8 ba. Masu lissafi suka gano haka, suka riƙa gina jarumai da ke samun wannan dama kusan kowane zagaye. Mai riƙe takobi da garkuwa ya zama ɗan rakiya wajen ɓarna.

A gyaran 2024 kamfanin ya cire cinikin 5 da 10 ɗin gaba ɗaya. Yanzu gwanintar ƙari madaidaici take bayarwa, wanda ke girma tare da matakin jarumi, ba tare da taɓa saiti ba. Wasu sun ji daɗi, tazarar da ke tsakanin 'yan tebur ɗaya ta ragu. Wasu kuma suna kewar ɗan shirun nan da ake yi kafin a jefa lido, lokacin da mutum ke duban sulken dodo yana auna ko ya yi kasada.