Garin Masaƙu da Ba Ya Noman Auduga: Labarin Ƙasa da Tarihin Rawtenstall ta Ingila



Gabatarwa

Na san ba za a rasa wanda zai tambayi kansa ba, shin me ya haɗa malamin Hausa da tarihin wani ɗan ƙaramin gari na ƙasar Ingila? Amsar tana nan a bakinmu. Duk wanda ya taɓa jin tsohuwa ta ce a sayo mata akoko ko alawayyo, to, ya ji sunayen yadudduka waɗanda aka yi shekaru ana kawo mana su daga Turai, da yawansu kuwa daga lardin Lankasha na arewa maso yammacin Ingila. Mai nazarin harshe ba ya raina kalma, domin in ya bi sawunta takan kai shi gidan da ta fito. Ni sawun akoko na bi, ya kai ni wani gari da ake kira Rawtenstall, wanda masu shi kan furta shi kamar Rotinstol.

Tambayar da zan yi ƙoƙarin amsawa a wannan lacca guda ɗaya ce: yaya aka yi garin da ko ƙwarar auduga ba ta tsira a ƙasarsa ya yi shekara fiye da ɗari yana tufatar da mutanen nahiyoyi masu nisa, sa'an nan kuma me ya durƙusar da shi? Abin da zan nuna shi ne, yanayin ƙasa ne ya haifi masaƙun garin, kasuwar nesa ta raine su, da kasuwar ta kuɓuce kuwa, yanayin ƙasar bai iya cetonsu ba.

Yanayin Ƙasa

Rawtenstall tana kimanin mil 15 arewa da birnin Mancesta, a cikin wani matsattsen kwari da ake kira Rossendale, daidai inda wani rafi mai suna Limy ya haɗu da kogin Irwell. Shi wannan kogi daga tuddan da ke bayan garin Bacup ya taso, ya gangara kudu ya ratsa Bury da Mancesta, tafiyar mil 39, kafin ruwansa ya shiga kogin Mersey wanda ke bi ta Libaful ya faɗa teku. A riƙe wannan hanya ta ruwa a zuci, domin ita ce hanyar da auduga ta biyo ta hau, yadi kuma ya biyo ya sauka.

Tuddan da suka kewaye garin ba su da wani albarkar noma. Ƙasarsu mai tsami ce, kullum a jiƙe, ga sanyi ga iska; alkama ba ta yi sosai, sai ciyawar tumaki da ɗan hatsin da ke jure sanyi. Amma abubuwan nan da suka hana manomi sakewa su ne suka zama arzikin masaƙi. Na farko, iskar da ke tasowa daga teku ta yamma tana cin karo da tuddan ta zubar da ruwa kusan kowane wata, saboda haka rafuka ba sa ƙafewa, kuma suna gangarowa da ƙarfin da zai juya inji. Na biyu, dutsen yankin ba na farar ƙasa ba ne, ruwan da ya ratso shi ba shi da gartsi, yana kumfa da sabulu kaɗan, ya dace da wanke ulu da rini. Na uku, danshin iska yana hana zaren auduga tsinkewa. Duk macen da ta taɓa kaɗi da hunturu ta san yadda bushewar iska ke ɓata zare. Na huɗu, akwai kwal a ƙarƙashin ƙasar Lankasha, akwai kuma dutsen gini a kan tuddan.

Zamanin Ulu

A zamanin da, kwarin Rossendale dajin farautar sarauta ne, ba a yarda talaka ya sare shi ya zauna yadda ya ga dama ba, sai 'yan rugagen shanu nan da can. A 1507, zamanin Sarki Henry na Bakwai, aka ɗage wannan doka, aka yanka ƙasar aka ba mutane haya. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, gonaki suka yi ta raguwa saboda rabon gado, har ta kai gonar mutum ba ta ciyar da gidansa. Masanin tarihi G. H. Tupling, a littafinsa na 1927 kan tattalin arzikin Rossendale, ya bi diddigin yadda wannan matsi ya tura manoman ga sana'ar ulu, watau gashin tumaki. Mata da yara suna shiɓa suna kaɗi, maigida yana saƙa a bene, ɗan kasuwa yana kawo ulu ya karɓi ƙyalle ya biya lada. Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu, kusan haka masaƙan ƙauyukan Kano suka yi da fatake.

Ulu in an saƙa sai an jiƙa shi an buga kafin ya yi kauri. Aikin da mabugan Kano ke yi da hannu a kan gungume, su sai suka sa ruwan rafi ya juya wata babbar ƙafa irin ta keke, ita kuma ta ɗaga manyan guduma na katako. Irin wannan mabuga da aka gina a Helmshore, kusa da Rawtenstall, a 1789, tana nan an mayar da ita gidan tarihi. Abin lura a nan shi ne, kafin auduga ta iso kwarin, mutanensa sun riga sun yi ƙarni biyu da wani abu suna saƙa don sayarwa, sun san zare, sun san bashi, sun san kasuwa, sun kuma san yadda ake sa ruwa aiki.

Zuwan Auduga da Inji

Cikin ƙarni na 18 aka yi ta ƙago na'urori a wannan yanki. A 1733 John Kay, mutumin wajen Bury, ya fito da ƙoshiya mai gudu da kanta, wadda ta sa masaƙi ɗaya ya cinye zaren makaɗa da yawa. Ƙarancin zare ya jawo injunan kaɗi: na Arkwright a 1769, da na Crompton mutumin Bolton a 1779. Da zare ya yi yawa kuma sai aka koma neman injin saƙa, wanda Cartwright ya fara fitarwa a 1785. Daga baya injin tururi mai cin kwal ya karɓi aikin ruwan rafi.

A Rawtenstall, waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi su ne wasu 'yan'uwa uku, Thomas da David da Peter Whitehead, waɗanda suka haɗa ɗan jarinsu a 1815. Cikin shekarun 1820 suka kafa masaƙa a garin, a 1840 suka ƙara wata babba da ake kira Lower Mill, a 1856 kuma Peter ya gina Ilex Mill. Sun gina wa ma'aikata gidaje, sun gina makaranta da ɗakin ibada. Jirgin ƙasa ya iso a 1846, a 1891 aka ba garin majalisar mulkin kansa, a ƙidayar 1901 kuwa mutanensa sun haura 30,000.

Kada mu ɗauka wannan arziki ya zo salin-alin. Injin saƙa ya karya ladan masaƙin hannu, har ta kai iyali su wuni suna aiki ba su sami na burodi ba. A watan Afrilu na 1826 yunwa ta fito da masaƙan gabashin Lankasha, suka bi masaƙu suna farfasa injuna, fiye da 1,000 cikin 'yan kwanaki. Ranar 26 ga wata suka shiga masaƙar Whitehead suka ragargaza injuna 96, a ranar ce kuma soja suka buɗe musu wuta a Chatterton, gaba kaɗan a bakin Irwell, suka kashe aƙalla mutum 6. Injin dai bai fasa zuwa ba. Waɗanda suka shiga masaƙun kuma, da yawansu mata ne da yara ƙanana. Dokar 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙar auduga, a 1847 kuma aka tsayar da aikin mata da matasa a kan awa 10 a rana.

Akwai wata wahalar da ta fi wannan, wadda ba a ganinta daga kwarin. Wajen 1860, fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar da Ingila ke saƙawa daga kudancin Amurka take zuwa, bayi 'yan asalin Afirka ne kuwa ke noma ta. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, auduga ta yanke, masaƙun Lankasha suka tsaya, dubban ma'aikata suka koma cin sadaka har wajen 1865. A nan ne raunin garin ya fara bayyana: abin da yake sarrafawa daga ƙetaren wani teku yake zuwa, mai saye kuma yana ƙetaren wani tekun.

Inda Labarin ya Taɓo Mu

Wannan yunwar auduga ba ta fita daga zukatan masu masaƙu ba. A 1902 suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Biritaniya a Mancesta, don neman auduga a ƙasashen da ke ƙarƙashin tutarsu, shekara guda ke nan kafin sojan Lugga su ci Kano da Sakkwato. Sun sa rai ƙwarai ga ƙasar Hausa, ba kuwa a banza ba, domin tun 1851 Barth ya ga yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Begen wannan auduga yana cikin dalilan da suka sa aka ja hanyar jirgi ta iso Kano a 1911. Sai dai lissafinsu bai fita yadda suka so ba: masaƙan gida sun fi su sayen auduga da daraja, manoman Kano kuma suka ga gyaɗa ta fi riba, suka cika jirgin da ita. Audugar fitarwa sai ta fi kama ƙasa a yankin Zariya da kudancin Katsina, inda aka kafa injunan gurza kamar na Funtuwa. Ta ɗaya ɓangaren kuma, jirgin nan shi ya riƙa hawo da akoko da alawayyo kasuwanninmu.

Faɗuwa

Shekarar 1913 ita ce ƙololuwa: Biritaniya ta fitar da yadin auduga kimanin yadi miliyan dubu 7, Indiya ce kuwa babbar mai saye. Da yaƙin duniya na farko ya tsare jiragen ruwa, Indiya ta faɗaɗa masaƙunta, Japan ta shiga kasuwannin Asiya, daga baya kuma Gandhi ya kira mutanensa su ƙaurace wa yadin waje. A 1933 Japan ta wuce Biritaniya wajen fitar da yadin auduga. Ruwan Irwell bai ragu ba, danshin iska yana nan, masaƙa ba su mance sana'arsu ba, amma duk waɗannan ba su da sauran rinjaye, domin lantarki ya sa ana iya kafa masaƙa ko'ina, danshi ma na'ura na iya samar da shi a cikin ɗaki. A 1959 gwamnatin Biritaniya da kanta ta yi dokar biyan masu masaƙu diyya su farfasa tsofaffin injunansu. Jikokin waɗanda soja suka harbe saboda fasa inji sun rayu sun ga ana biyan kuɗi a fasa shi.

Abin da ya rage wa kwarin zafin faɗuwar shi ne wata sana'a da ta tsiro a gefen saƙa tun ƙarshen ƙarni na 19, watau ɗinkin silifa da takalma, wadda ta mamaye tsofaffin masaƙu a Waterfoot da kewayenta. Masaƙun da suka saura kuma suka ɗauko ma'aikata daga Pakistan da yankin da ya zama Bangladash, waɗanda zuriyarsu ke kwarin har yanzu. Duk da haka, a ƙidayar 1971 mutanen garin ba su kai 22,000 ba, a 1972 kuma aka daina jigilar fasinja a jirgin ƙasa. An sake buɗe layin a 1991, amma don masu yawon buɗe ido. Ilex Mill kuwa an mayar da ita gidajen kwana.

Kamfanin David Whitehead ya hango cewa tun da kasuwa ta ƙi zuwa wurin inji, sai inji ya bi kasuwa. Ya kafa masaƙu a kudancin Afirka, ciki har da Rodeshiya ta Kudu, watau Zimbabuwe. Shi ne kuma wanda gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, ta haɗa gwiwa da shi aka kafa masaƙar Kaduna a Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, akoko ne kuwa farkon abin da ta saƙa. Ga auduga a ƙofar gida, ga masu saye a ƙofar gida, abu biyun da Rawtenstall ba ta taɓa samu ba. Amma a 2002 wannan masaƙa ta rufe, bayan ta sha fama da rashin tsayayyen lantarki, da tsadar baƙin mai da kayan gyara, da yadin fasa-ƙwauri mai araha.

Kammalawa

Jama'a, abin da na ɗauko daga wannan tarihi shi ne, masaƙa ba gini da inji kaɗai ba ce. Sarƙa ce mai ƙulli huɗu: auduga, da ƙarfin da zai juya inji, da hannun da ya ƙware, da mai saye. Rawtenstall tana da na biyu da na uku a gida, na farko da na huɗu kuwa ƙarfin daular Biritaniya ne ya riƙe mata su, da daular ta saki sai sarƙar ta tsinke. Kaduna ta sami na farko da na huɗu, ta horar da na uku cikin shekaru kaɗan, na biyu ya ci amanarta, na huɗu kuma aka bar shi ba mai tsaro. Abin da ya ɗauki garin Ingila kusan shekara 150, namu ya gama shi cikin 45.

Duk mai shirin tayar da masaƙun Kakuri, ko na Sharaɗa da Bompai a Kano, ya kamata kafin ya tambayi kuɗin sabon inji ya zauna ya duba ƙullin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya tabbata wanne ke hannunsa, wanne ke hannun wani. Ga ɗalibanmu na Hausa kuma ina da roƙo: tsofaffin ma'aikatan masaƙun nan suna raye a Kakuri da Makera, da kalmomin aikinsu da labaransu a bakinsu. Mutanen Rossendale sun adana nasu a gidajen tarihi. Ku ɗauki rakoda ku je ku same su tun suna nan.