Zauren da Ya Reni Masanan Tarihi a Zariya

Maƙalarmu ta wannan mako ta waiwayi yadda aka reni masu digirin digirgir a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello.

A 1962 Farfesa H.F.C. Smith, Baturen Ingila wanda daga baya ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya baro Ibadan zuwa Zariya ya kafa sashen. A lokacin, mafi yawan abin da ake karantawa game da ƙasar Hausa daga alƙalamin Turawan mulkin mallaka ya fito. Smith ya ga cewa tara littattafai kaɗai ba zai gyara wannan ba, sai an samar da mutanen da za su iya tuhumar hujja.

Makaminsa shi ne zaman ƙara wa juna sani. Ɗalibi zai rubuta takarda a kan abin da ya tono daga rubuce-rubucen Larabci, bakin dattawa ko ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kaduna, ya gabatar gaban malamai da takwarorinsa. Nan za a tambaye shi: wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake nema da faɗar? Malamin ma bai bar gado ya tsira daga tambaya ba, domin a maƙalarsa ta 1970 ya tuhumi dogaro da labarin Bayajidda wajen bayanin kafuwar daulolin Hausa.

Sa'ad Abubakar ya kammala bincikensa kan masarautar Fombina a 1970, Yusufu Bala Usman kan Katsina a 1974, Mahmud Tukur kan mamayar Turawan Ingila a 1979. Tarbiyyar ta bi su har wajen aji: Tukur ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, Bala kuma ya shafe rayuwarsa yana ƙalubalantar masu mulki da alƙalami har rasuwarsa a 2005.

A yau ɗalibi yakan yi shekaru daga shi sai mai duba aikinsa, ranar gabatarwa kuma hankali ya tafi kan lemo da abinci. Wanda ba a taɓa warware masa hujja a gaban jama'a ba, da wuya ya iya kare gaskiya ranar da ta yi tsada. Wannan darasi ya shafe mu marubuta ma, a zaman karatu da sharhi da muke yi duk wata.

Smith ya rasu a 1984. Allah Ya jiƙan magabatanmu.