Daga Alkashinawi Zuwa Iya Abubakar

Da yawa daga cikinmu kan ɗauka zurfafa ilmin lissafi baƙon abu ne a Arewa, alhali tarihi ya nuna akasin haka. A 1732 Muhammadu Alkashinawi ya wallafa littafi a kan hatimin lambobi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Iya Abubakar kuwa ya bi ta Barewa da Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij, sannan ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Dukansu sai da suka bar gida neman manyan malamai. Don haka, 'yan'uwa mazauna birane, kada mu bari rashin guzuri ya tsayar da haziƙan 'ya'yanmu a digirin farko.