Makarantun kuɗi na Turanci da Larabci a arewacin Kano: Abin da iyaye za su bincika

Haɗa karatun boko da na Larabci ya daɗe a Kano. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a, wadda a 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci, wato SAS. A yau makarantun kuɗi masu wannan tsari sun kai garuruwan manoma irin su Bichi da Dambatta, wasunsu da laƙabin "ta ƙasa da ƙasa" a allo.

Laƙabin ba ya tabbatar da komai, jarrabawar ƙarshe ce ma'auni. Makarantar da ke bin manhajar Ingila takan shirya ɗalibai wa IGCSE ta Cambridge. Sauran kuwa WAEC ko NECO, ko ta hukumar NBAIS mai kula da jarrabawar Larabci da addinin Musulunci. Ya kamata uba ya nemi shaidar rajista da gwamnatin jiha da lambar cibiyar jarrabawa, domin makarantar da ba ta da cibiya takan kai ɗalibanta wani wuri su rubuta.

Ɓangaren Larabci ya fi wuyar tantancewa. Haddar Alƙur'ani daban, iya harshen daban: yaro kan yi tilawa mai daɗi amma ya kasa haɗa jimla guda. A duba jadawalin darussa, a ƙirga sa'o'in Nahawu da Insha'i. Turanci ma haka, tunda da wuya jami'a ta karɓi wanda bai samu kiredit a cikinsa ba.

Kuɗin zangon Satumba kan riga girbin dawa zuwa, saboda haka gidan da ya dogara da gona ya tambaya tun farko ko ana karɓar biya kashi-kashi.