Yadda Yinin Yaro Ya Zama Abin Da Ake Kai Wa Asibiti

Akwai tambayoyin da ke ba iyaye mamaki a ranar farko da suka kai ɗansu wurin mai jinya ta hanyar aiki, fannin da masu jin Faransanci ke kira ergoterapi. Sun zo da tsammanin za a duba ƙafa ko hannu a rubuta magani, sai ma'aikaciyar ta shiga tambayar yadda yaron ke cin tuwo, da wanda ke saka masa riga, da irin wasan da yake so. Wasu kan koma gida suna ganin kuɗin motarsu ya tafi a banza. A nawa ganin, duk wanda ya san tarihin fannin ba zai raina waɗannan tambayoyi ba, domin sai da aka shafe kusan shekara ɗari biyu kafin a koyi yin su.

Tushen abin yana gidajen masu taɓin hankali na Turai. A shekarar 1793 likita Philippe Pinel ya fara aiki a asibitin Bicêtre da ke kusa da birnin Paris, inda shi da mai kula da majinyata, Jean-Baptiste Pussin, suka yi fice wajen yaƙi da ɗaure mutane da sarƙa. A 1796 kuma wani ɗan kasuwa mai suna William Tuke ya buɗe gidan jinya a birnin York na Ingila, inda majinyata ke aikin lambu da ɗinki. An lura cewa mutumin da aka tsara wa yininsa, aka kuma ba shi abin yi, ya fi samun natsuwa a kan wanda aka kulle.

Sai a ranar 15 ga Maris, 1917 abin ya zama sana'a mai ƙungiya, lokacin da mutum shida suka haɗu a garin Clifton Springs na jihar New York a Amurka. Mai masaukinsu, George Barton, mai zanen gine-gine ne da ya yi fama da tarin fuka, aka kuma yanke masa wani ɓangare na ƙafa, ya farfaɗo da kansa ta hanyar kafinta da aikin lambu. Cikin baƙinsa akwai likitan ƙwaƙwalwa William Dunton da Eleanor Clarke Slagle, wadda ta shahara da tsarin horar da ɗabi'a: lokacin tashi, da wanka, da saka tufafi, da cin abinci, da aiki, da hutu, kowanne a muhallinsa. Makonni kaɗan bayan taron Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, aka horar da mata suka riƙa koya wa sojojin da suka ji rauni saƙa da sassaƙa, don hannu ya dawo aiki, zuciya kuma ta daina zaman makoki.

Har zuwa nan maganar manya ake yi. Daga cikin abubuwan da suka juyo da hankali kan yara akwai cutar shan-inna. A 1952 kaɗai, shekarar da aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a, kusan mutum 58,000 ne suka kamu a Amurka, akasarinsu yara. Wanda ya tsira da shanyayyen hannu yana bukatar ya koyi riƙe cokali da alƙalami ta wata sabuwar hanya. Nan aka gane cewa yaro ma yana da nasa aikin: wasa, da karatu, da kula da jikinsa. A Landan, Berta Bobath da mijinta Karel sun fito da dabarun riƙe yaran da raunin ƙwaƙwalwa ya sandarar wa gaɓɓai. A California kuma Jean Ayres ta fitar da littafi a 1972 kan yadda ƙwaƙwalwar yaro ke haɗa saƙonnin taɓawa da motsi da daidaituwar jiki, kuma daga aikinta ne lilo ya shiga ɗakunan jinyar yara. Sai dai a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce hujjojin ingancin wannan hanya ba su da yawa, abin da ya kamata iyaye su sani kafin su kashe kuɗi.

Sauyin da na fi ba muhimmanci ya bayyana a 1991, lokacin da Mary Law da abokan aikinta a Kanada suka fitar da wani ma'auni mai sauƙi. Ana tambayar majinyaci, ko iyayensa idan ƙarami ne, ayyukan da ke gagararsa, su zaɓi har guda biyar mafiya muhimmanci, su auna kowanne daga 1 zuwa 10, sannan a sake awon bayan an yi jinya. Wato burin jinyar daga bakin iyali yake fitowa. Hausawa sun riga sun faɗa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan tarihi ya shafe mu. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna, amma doguwar naƙuda, da shawarar jarirai, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa na ci gaba da barin yara da rauni. Masu wannan sana'a kuwa kaɗan ne a ƙasashenmu, mafi yawansu a manyan birane. Iyalin da suka yi doguwar tafiya ba lallai su iya komawa nan kusa ba, don haka ziyarar farko ba ta sakaci ba ce.

Shawarata ita ce a fara shiri mako guda kafin ranar. A sa ido a kan yaron daga safe zuwa dare, a rubuta ko a riƙe a ka inda yake tuntuɓe: cin abinci, ban-ɗaki, saka tufafi, riƙe fensir, wasa da ƴan'uwansa, ko tsoron hayaniya. Ɗan gajeren bidiyo a waya yana taimakawa ƙwarai, domin yaro kan noƙe a gaban baƙo. Wanda ke wuni da shi, uwa ce ko kaka ko yaya, shi ya fi cancantar zuwa, ko da uba ne zai biya kuɗin. A tafi da katin awo, da na rigakafi, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da magungunan da yake sha, a kuma tuno ko ya yi kuka da aka haife shi, da lokacin da ya fara zama da rarrafe da tafiya. A kai shi a ƙoshe, cikin tufafi masu sakewa, da kofinsa ko littafinsa na makaranta, a faɗa masa cewa yawancin abin da za a yi wasa ne.

Kada kuma a ji kunyar bayyana yadda gida yake. Yawancin gwaje-gwajen nan an tsara su ne don yaran da ke cin abinci a tebur da cokali mai yatsu, alhali namu da hannu yake ci a kan tabarma, kuma tsugunno yake yi a ban-ɗaki. Idan ba a faɗa ba, ana iya ɓata watanni ana koya masa abin da ba ya bukata. Kafin a tashi, a tambayi ma'aikacin burin da za a sa a gaba, da tsawon lokacin da zai ɗauka, da yadda za a gane an samu ci gaba, da abin da za a riƙa yi a gida kullum. Zaman asibiti na ɗan lokaci ne. Sauran sa'o'in makon duk a tsakar gida yaron zai yi su, kuma a can ne za a ga ko ya iya kai loma bakinsa da kansa.