Buga hoton da zai daɗe: firinta, tawada da takarda

Hoton aure ko na suna da aka buga a gida ko a shago yakan koɗe cikin ƴan shekaru, alhali wani yana kaiwa ga jikoki da launinsa. Bambancin yana ga tawada, da takarda, da wurin ajiya.

Firinta mai fesa tawada tana aiki da tawada iri biyu. Ta farko rini ce da ke narkewa cikin ruwa. Launinta na da haske, kuma ta fi araha, amma rana da iska suna cin ta da sauri. Ta biyu gari ne mai laushi ƙwarai da ba ya narkewa, wadda ake rubuta wa "pigment" a jikin kwali. Ita ta fi jure haske da danshi, shi ya sa masu hoton sana'a suka fi son ta. UltraChrome ta Epson da Lucia ta Canon na cikin wannan rukuni, Claria da ChromaLife100 kuwa rini ne. Yawancin firinta masu tanki da ake ɗura wa tawada daga kwalba, kamar Epson L805 mai launi 6, da rini suke aiki.

Takarda ma tana da nata tasirin. Takardar ofis mai giram 80 tana shanye tawada, hoton ya dusashe. Ta hoto takan kai giram 200 zuwa 300, kuma an shafa mata abin da ke riƙe tawada a sama. Wadda aka yi da auduga, marar sinadarin asid, ta fi daɗewa. Wasu takardun ana zuba masu sinadarin ƙara fari, wanda ke gushewa da lokaci har takardar ta koma rawaya. Gwajin daɗewa irin na cibiyar Wilhelm Imaging Research da ke Amurka, a kan tawada da takarda haɗe ake yin sa. Saboda haka alƙawarin shekarun da kamfani ya yi ba ya aiki idan an sauya ɗaya daga ciki da mai araha.

A Maradi, Damagaram ko Tawa, ƙurar hunturu da zafin bazara suna busar da tawada a kan firinta har ƙananan ƙofofinsa su toshe. Maganinsa a rufe na'urar da ƙyalle, a kuma buga ko da shafi ɗaya duk mako.

Bayan bugawa, a bar hoton ya sha iska awa 24 kafin a sa shi a gilashi. A rataye shi inda rana ba ta kaiwa, nesa da hayaƙin murhu da na turaren wuta. Waɗanda ke cikin albam a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da danshin damina. A kuma adana asalin hoton a wurare biyu, domin a iya sake bugawa.